HAMAN BA'AGAGE: MUTUMIN DA YA ƊORA LAIFIN MUTUM ƊAYA A KAN AL'UMMA

Karatu: Esta sura 3, da sura 7 zuwa 9

Yau za mu koma baya shekara kusan 2,500, mu shiga fadar Sarkin Farisa a birnin Shushan, mu duba tarihin wani waziri mai suna Haman ɗan Hammedata. Yawancinmu mun san labarin tun muna Makarantar Lahadi, kuma duk lokacin da aka zo wurin da aka rataye shi sai yara su yi tafi. Mu ma mun yi wannan tafin muna yara. Amma da muka girma, muka ga abin da ya faru a garin nan namu na Kaduna, sai muka fara karanta sura ta uku da wani irin nauyi a zuciya.

Kafin mu yi nisa, bari mu kawar da wani ruɗani. Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun san wani Hamana, wanda Alƙur'ani ya ambata tare da Fir'auna a ƙasar Masar, a zamanin Musa. Wanda muke magana a kansa yau a Farisa ya yi zamaninsa, ƙasar da ake kira Iran yanzu, ɗaruruwan shekaru bayan Musa. In hira ta haɗa ku da maƙwabci a kan wannan suna, ku fara tantance wanda kowa yake nufi, don kada a yi gardamar banza.

Sarkin da Littafi Mai Tsarki yake kira Ahasurus, masana tarihi da yawa sun yarda shi ne wanda Helenawa suke kira Zaksis na ɗaya, ɗan Dariyus. Ya hau gadon sarauta a shekara ta 486 kafin haihuwar Almasihu, ya yi mulki har 465. Littafin Esta ya ce lardunansa 127 ne, tun daga Hindu har ƙasar Kush a kudancin Masar. A shekara ta uku ta mulkinsa ya yi babban bikin nan na kwana 180 wanda ya ƙare da korar sarauniya Bashti, amma ba a naɗa Esta ba sai a shekara ta bakwai. Mai karatu zai yi tambaya, ina sarkin ya shiga cikin shekarun nan huɗu? Tarihin Helenawa ya ba mu haske. A tsakanin nan ne ya kwashi rundunarsa ya tafi yaƙi ƙasar Girka, aka farfasa masa jiragen ruwa a Salamis a shekara ta 480, ya komo gida da kunya. Herodotus, marubucin tarihin Helenawa, ya nuna mana shi mutum ne mai saurin fushi da saurin kyauta. Ya ba da labarin yadda hadari ya lalata gadar da sarkin ya sa aka yi a kan mashigin teku, sai ya ba da umarni a yi wa tekun bulala 300. Wannan shi ne mutumin da rayukan Yahudawa suke hannunsa.

Shushan kuwa ba garin tatsuniya ba ne. Kufansa yana nan a kudu maso yammacin Iran, kusa da garin da ake kira Shush. Faransawa masu tonon kayan tarihi sun yi aiki a wurin tun daga 1884, suka tono fadar da Dariyus ya gina, da ginshiƙanta da tubalanta masu launi. Wajen 1972 kuma aka gano babbar ƙofar fadar. Irin wannan ƙofa ce littafin yake nufi in ya ce Mordekai yana zaune a ƙofar sarki, wato ma'aikaci ne a fada, wurin da ake shari'a da sauran hidimomin mulki. Shi Haman kansa, daga Littafin Esta ne muka san shi.

To, mene ne ya haɗa su? Sarki ya ɗaukaka Haman bisa dukan hakimai, ya umarta kowa ya rusuna masa. Kowa ya rusuna, sai Mordekai. Littafin bai tsaya ya yi mana dogon bayanin dalilinsa ba, ya dai ce ya shaida wa abokan aikinsa shi Bayahude ne. Amma akwai alama a cikin sunayen. An kira Haman Ba'agage, an kuma ce Mordekai mutumin kabilar Biliyaminu ne daga zuriyar Kish. Wanda ya san 1 Sama'ila sura 15 zai tuna Saul ɗan Kish, mutumin Biliyaminu, shi ya yi yaƙi da Agag sarkin Amalekawa. Tsakanin Saul da Mordekai akwai shekara fiye da 500. Mutane biyu ne da suka gāji gabar da ba su ga farkonta ba, suka haɗu a bakin ƙofa ɗaya a wata baƙuwar ƙasa.

Ku lura da wani abu. Haman bai ma ga cewa Mordekai ba ya rusunawa ba, sai da barorin sarki suka kai masa tsegumi, don su ga yadda za ta ƙare. Kowace fitina da muka sani tana da irin waɗannan masu kai labari, waɗanda ba sa riƙe adda, amma su ne suke hura wutar.

Daga nan ne muka zo ayar da ta sa muka zaɓi wannan karatu, sura 3 aya 6. Haman ya ga kashe Mordekai shi kaɗai ya yi masa kaɗan. Mutum ɗaya ne ya ƙi gaishe shi, amma hukuncin da ya yanke a zuciyarsa ya haɗa da tsohuwar da ke Babila wadda ba ta taɓa jin sunansa ba, da jaririn da ke goye a Urushalima, da manomin da ke iyakar Hindu. Hausawa suna cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. A wajen girki gaskiya ne. Amma ranar da aka ɗauki wannan karin magana aka auna 'yan Adam da ita, an shiga hanyar Haman.

Sai ya jefa ƙuri'a don ya sami ranar sa'a. Kalmar da littafin ya yi amfani da ita, Fur, daga harshen mutanen Assuriya da Babila ta fito, an ma sami wani ɗan ƙaramin abin jefa ƙuri'a na zamanin Assuriya da wannan kalma a rubuce a jikinsa. An jefa ta a watan fari, Nisan, a shekara ta 12 ta mulkin sarki, wato wajen 474 kafin Almasihu, ta faɗa a kan watan goma sha biyu, Adar. Camfinsa ya ba waɗanda yake so ya hallaka wata 11 na numfashi. Littafin Esta bai ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba daga farko har ƙarshe, amma mai bi da ya karanta wannan wuri ya san hannun wanda ya juya ƙuri'ar.

Yanzu mu saurari yadda ya kai ƙarar gaban sarki, gama a nan gwanintarsa take. Bai ambaci Mordekai ba. Bai ma ambaci sunan Yahudawa ba. Ya ce akwai waɗansu mutane, a warwatse suke cikin dukan larduna. Wannan gaskiya ce. Ya ce al'adunsu dabam suke da na kowa. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, gama suna da Asabar da abincin da ba sa ci. Sa'an nan ya ce ba sa bin dokokin sarki. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, domin Mordekai ɗin nan shi ne ya tona asirin Bigtan da Teresh sa'ad da suka ƙulla su kashe sarki, an kuwa rubuta a littafin tarihin fada. Gaskiya biyu ya shimfiɗa don ƙarya ɗaya ta sami wurin kwanciya. Ya rufe da cewa barinsu da rai ba shi da amfani ga sarki, ya kuma yi alkawarin zuba talanti 10,000 na azurfa a baitulmali. Wannan ya haura tan 300. Herodotus ya lissafta harajin dukan daular a zamanin Dariyus ya kai talanti 14,560 a shekara, ashe abin da Haman ya yi tayi ya ɗan haura kashi biyu cikin uku na kuɗin shigar ƙasa. A ina zai same su? Takardar da ya rubuta ta ba da amsa, gama ta halatta wa masu kisa su kwashe dukiyar waɗanda suka kashe.

Sarki kuwa bai tambayi ko su wane ne mutanen ba. Ya cire zoben hatiminsa ya miƙa. Mun daɗe muna tunanin wannan sarki, a ganinmu laifinsa bai gaza na wazirinsa da yawa ba. Mai mulki da zai sa hannu a kan jinin al'umma bai nemi sanin sunanta ba, ya sayar da amanar da aka ba shi. A rana ta 13 ga watan fari aka kira magatakarda, aka rubuta wa kowane lardi da rubutunsa da harshensa, 'yan-kada-ta-kwana suka fita da gaggawa. Farisawa sun yi suna a wannan aiki. Babbar hanyar sarki daga Sardis zuwa Shushan tana da zango 111, tafiyar wata uku ga mai ƙafa, amma manzannin sarki suna canja dawakai zango zango su cinye ta cikin 'yan kwanaki. Washegarin ranar da aka rubuta takardar Yahudawa suke yanka ragon Idin Ƙetarewa. Sura ta ƙare da hoto mai ban tsoro: sarki da waziri sun zauna shan ruwan inabi, birni kuwa ya ruɗe. Birnin duka aka ce, har da waɗanda ba Yahudawa ba, domin talakan Shushan bai ga abin da maƙwabcinsa ya yi masa ba.

Sauran labarin kun san shi, ba za mu daɗe a kai ba. Mordekai ya sa tsummoki, Esta ta nemi a yi azumin kwana uku, ta shiga wurin sarki ba a kira ta ba, da sanin cewa doka ta ce kisa ne. Haman ya tara abokansa da matarsa Zeresh yana lissafa musu dukiyarsa da 'ya'yansa da girmansa, sa'an nan ya ce duk wannan ba ya yi masa daɗi muddin yana ganin Mordekai a ƙofar fada. Suka ba shi shawara ya kafa gungume mai tsawon kamu 50. A daren nan barci ya ƙaurace wa sarki, aka karanta masa littafin tarihi, gari ya waye Haman yana jan dokin Mordekai a dandalin birni. A liyafa ta biyu Esta ta nuna shi da yatsa, Harbona ya tuna wa sarki da gungumen, aka rataye shi a kai. Kakanninmu sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Yawancin wa'azi a nan yake tsayawa. Amma Haman ya mutu ya bar takardarsa da rai. Dokar Mediya da Farisa ba a soke ta, don haka sai da aka rubuta wata a rana ta 23 ga watan uku, wadda ta ba Yahudawa izinin taruwa su kāre kansu. Da ranar 13 ga Adar ta zo, aka yi jini. Mutum 500 a fadar Shushan tare da 'ya'yan Haman goma, 300 kashegari, 75,000 a larduna. Tsohuwar fassarar Helenanci ta ce 15,000. Ko wanne aka ɗauka, gidaje da yawa sun yi makoki, kuma bai kamata mai bi ya karanta sura ta tara yana murmushi ba. Sau uku marubucin ya nanata cewa Yahudawa ba su taɓa ganima ba, ko da yake takarda ta biyu ta ba su dama. Ganima ce ta kā da Saul a yaƙinsa da Agag, jikokinsa suka ƙi maimaita kuskuren. Har yau Yahudawa suna kiyaye Idin Furim a ranakun 14 da 15 ga Adar, wajen Fabrairu ko Maris, suna aika wa juna abinci, suna ba matalauta kyauta, in an karanta littafin kuma aka zo sunan Haman sai yara su yi ta ƙara don kada a ji shi.

Irin ƙarar da Haman ya kai gaban sarki ba ta mutu a Shushan ba, kuma dole mu faɗi gaskiya ko da za ta yi mana ɗaci: sau da yawa daga bakin masu kiran sunan Almasihu ta fito. A 1492 sarki Fadinan da sarauniya Isabela na Sifen, Kiristoci, suka kori dukan Yahudawan da suka ƙi baftisma daga ƙasarsu. Martin Luta, wanda muke girmamawa saboda ya komo da ikilisiya ga Maganar Allah, ya rubuta littafi mai muni a kan Yahudawa a 1543, mutanen Hitila kuwa suka tono shi suka yi amfani da shi. Yahudawa wajen miliyan shida aka hallaka a Turai kafin yaƙin ya ƙare a 1945. A Ruwanda, ƙasar da yawancin mutanenta masu zuwa sujada ne, an kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100 a 1994, waɗansu a cikin majami'u, gidan rediyo yana karanta sunaye yana nuna inda mutane suka ɓuya. Mu da muke magana da ku ta rediyo, wannan ya isa ya sa mu auna kowace kalma.

Yanzu mu komo gida. A Maris 1987 gardama ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin mako ya zagayo wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 rikicin Zangon Kataf, wanda ya faro daga maganar sauya wurin kasuwa, ya biyo hanya ya iske mu a nan. Ranar 21 ga Fabrairu 2000 aka yi jerin gwano a kan batun shari'a, garin ya kama da wuta kwana da kwanaki, ya sake kamawa a watan Mayu. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙidaya mutum 1,295, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun kai 2,000 ko fiye. A Nuwamba 2002 kuma, rubutun 'yar jarida ɗaya a wata jarida ta Legas a kan gasar sarauniyar kyau ya jawo mutuwar mutum wajen 250 a Kaduna, mutanen da yawancinsu ba su ko ga jaridar ba. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ne suka yi abin da ya ɓata rai, amma wanda ya biya shi ne mai shayi, da mai gyaran takalmi, da ɗalibar da take komowa daga makaranta.

Mun sani, 'yan'uwa, da yawa cikinku kun binne naku, an ƙone muku majami'u da gidaje, ba kuwa za mu raina hawayenku ba, gama mu ma mun yi jana'izar waɗanda muka yi wa baftisma da hannunmu. Saboda haka in muka buɗe Littafin Esta, nan da nan mukan zaunar da kanmu a kujerar Mordekai, mu ba wani rigar Haman. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da gawawwaki suka isa kudu maso gabas a ƙarshen Fabrairu 2000, an bi Hausawa 'yan kasuwa a Aba an karkashe, mutanen da ba su san abin da ya faru a Kaduna ba sai a rediyo. A Afrilu 2011, bayan zaɓe, sa'ad da ake ƙone majami'u a garuruwan arewa, an kashe Musulmi da yawa a Zonkwa da kewayenta. A nan cikin gari ma, an tare hanya a kudancin kogi kamar yadda aka tare a arewacinsa, ana tambayar mutum sunansa. Duk wanda ya tsayar da baƙo ya yanke masa hukunci saboda sunansa, aya ta shida ta sura ta uku yake aikatawa, ko da gicciye ne a wuyansa.

Abin da ya biyo baya kuna ganinsa da idonku. Kogin Kaduna ya zama iyaka. Iyalan Kirista da yawa suka bar Tudun Wada da Rigasa da unguwannin da ke kewaye da mu suka koma Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwar Romi, Musulmi kuma suka bar can suka hauro nan. Ba mu ga laifin wanda ya kwashe 'ya'yansa don ya sami barci ba. Damuwarmu ita ce yaran da aka haifa bayan haka, waɗanda yanzu sun zama iyaye. Yaron da ya girma bai taɓa cin tuwon sallah a gidan maƙwabci ba, wancan kuma bai taɓa karɓar shinkafar Kirsimeti ba, in aka zo masa da zancen “waɗansu mutane” ba shi da fuskar da zai tuna ya ƙaryata. Sarki Ahasurus ya miƙa zobensa ne domin bai san cewa ɗaya daga cikin mutanen nan tana kwana a gidansa ba. Ranar da Esta ta ce ita da jama'arta ne aka sayar, a ranar ne takardar ta zama abin ƙyama a idonsa.

Mu da muka rage a wannan gefen kogi muna da abin da za mu shaida. A kwanakin nan na 2000 akwai Musulmin da suka ɓoye Kirista a ɗakunan matansu, suka tsaya a bakin zaure suka ce ba mai shiga. Akwai Kiristan da suka yi haka ga Musulmi a ƙetaren kogi. Ba a rubuta sunayensu a jarida ba, ba kuwa za mu faɗa a nan ba, amma iyalan da suka tsira sun san su. Waɗanda duniya ta sani su ne Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa. Dukansu sun jagoranci matasa a rikicin 1992, fasto ya rasa hannunsa na dama, liman ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, kowannensu yana da dalilin da zai riƙe gaba har kabari. A 1995 suka haɗu, suka fara aikin sulhu tare. Suna cikin waɗanda suka yi ƙoƙari har shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agusta 2002, a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Wata uku bayan haka aka sake faɗa, wannan gaskiya ne, sa hannu a takarda ba ya wanke zuciya. Duk da haka mutanen nan biyu ba su rabu ba.

Shi Ahasurus, shekara tara bayan ƙuri'ar Haman, a 465, shugaban matsaransa Artabanus ya haɗa baki da wani na cikin fada aka kashe shi a ɗakin kwanansa. A wannan karon ba a sami Mordekai a bakin ƙofa da zai ji ƙulle-ƙullen ba. Ɗansa Artashate ya gāje shi, a shekara ta 20 ta mulkinsa kuwa, a wannan fada ta Shushan, akwai wani Bayahude mai riƙe wa sarki ƙoƙon sha, sunansa Nehemiya, wanda da takardar Haman ta cika da ba shi a duniya. Shi ne za mu duba a shirinmu na gaba in Ubangiji ya yarda. Kafin nan a karanta Nehemiya sura 1 da 2.